Magen maƙwabta ko 'yar Farisa? Amsa ga mai son fara kiwon kyanwa

Wata ƙanwarmu ce daga Kano ta turo tambaya, ta ce tana son ta fara kiwon mage, ta ga irin masu gashin nan buzu-buzu a TikTok sun tafi da imaninta amma kuɗin da ake kira mata ya yi yawa, ga kuma magen maƙwabtansu ta haihu har an ce ta zo ta zaɓi ɗaya kyauta. Tana so ta ji wane iri na fi so a matsayina na likitan dabbobi, sannan ta saya ne ko ta karɓi ta maƙwabtan.

Toh ƙanwata, je ki karɓi ta maƙwabtan. Amma na san in na tsaya a nan za ki ce likita bai ma saurare ki ba, ko ki ɗauka ina nufin ba ki da kuɗin ne, saboda haka gyara zama ki ji dalilaina, in kin gama ji kika ga har yanzu mai gashin ce a ranki akwai yadda ake sayenta ba tare da an cuce ki ba, shi ma zan faɗa miki.

Magen lungun nan da ake rainawa ana ce mata "lokal", ita ce ta fi kowace kusa da asali. Duk magen duniya, daga ta kasuwar Kurmi har wadda ake kaiwa gasar kyau a Landan, kakarsu ɗaya ce, kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya wadda a littafi ake kira Felis lybica, kuma har gobe tana nan a dazukan Sahel, kalar ƙasa-ƙasa da zane a ƙafafu da doguwar ƙafa, in kika gan ta za ki rantse magen gidan wani ce ta ɓata. Dabbar busasshiyar ƙasa ce, ƙodarta ta iya tattalin ruwa, gashinta gajere. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da aka binne mutum da kyanwa kusa da shi wanda ya kai shekara 9,500, kin ga zaman ba na yau ba ne. Su kuwa waɗannan ire-iren masu suna da takarda, yawancinsu jiya-jiyan nan aka ƙirƙiro su, don babbar gasar maguna ta farko ma a 1871 aka yi ta a Crystal Palace a Landan, daga nan ne Turawa suka shiga zaɓar mage mai wata siffa suna haɗa ta da 'yar'uwarta mai irin siffar har abin ya zauna a jini. Matsalar haɗa dangi da dangi kuwa ita ce ba kyan kaɗai ake gada ba, har da ciwon. Tamu ba wanda ya zaɓa mata miji, zafi da yunwa da cuta ne suka tace ta, wadda ta kasa ta mutu, wadda ta jure ta haihu.

Wani abin da ke ba ni dariya, magen titin ƙasashen Larabawa, irin waɗanda alhazanmu ke gani suna yawo a Makka da Madina da Jidda, doguwa mai manyan kunnuwa da gajeren gashi, a 2008 wata ƙungiyar maguna ta duniya ta yi mata rajista a matsayin iri mai zaman kansa da sunan Arabian Mau. Haka ma ta gaɓar tekun Kenya, Sokoke. Ki dubi hotonsu ki dubi ta maƙwabtanku. Bambancin kawai su an samu wanda ya rubuta musu takarda.

Yanzu ga 'yar Farisan da ta ɗauke miki hankali, wadda masu talla ke rubutawa Persian. Ba zan yi miki ƙarya ba tana da kyau, kuma halinta na da daɗi, kyanwar Lami ce ta gaske, ba cizo ba yakushi, inda kika ajiye ta nan za ki dawo ki same ta. Amma ki tuna watan Afrilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta tun safe, ita kuma tana cikin gashin da bai da maraba da a lulluɓe mutum da bargo a tsakar rana. Mage ba ta gumi irin namu, ɗan abin da take yi ta tafin ƙafa ne, sai lasar jiki da take yi yawun ya bushe ya sanyaya ta, in abin ya ƙi sai haki. Kuma mage in ta fara haki baki buɗe ba irin na kare ba ne, ita alamar an kusa shiga uku ce. Ga shi kuma 'yar Farisa hancinta a tauye yake, hanyar iskar a matse, wato hakin ma ba ta iya shi yadda ya kamata. In gidanku ba sola ko janaretan da zai riƙe fanka ko esi da rana, wallahi azabtar da ita za ki yi kina ganin gata kike mata.

Batun fuskar nan ina so ki fahimce shi da kyau don nan ne 'yan kasuwa ke juya wa mutane tunani. Akwai mai fuska irin ta da, mai ɗan tsinin hanci, suna ce mata doll face, akwai kuma wadda fuskar ta shafe gaba ɗaya hancin ya shige tsakanin idanu, punch face, kuma ita suka fi tsugawa kuɗi wai ita ce orijinal. A wajenmu likitoci wannan shafaffiyar fuskar nakasa ce ta ƙashin kai. 'Yar hanyar da hawaye ke bi daga ido ya sauka hanci ta lanƙwashe, shi ya sa kullum za ki gan ta da jiƙaƙƙiyar fuska da baƙin zane a ƙasan ido, in ba a goge kullum ba wurin ya kama ƙuraje ya yi wari. Haƙoran ba sa haɗuwa daidai, cin abinci ma aiki ne. Idanun sun fito waje, ƙurar hunturu na shiga, gyambon ido ba ya musu wuya. Wajen haihuwa kuma kan 'ya'yan faffaɗa ne, sun fi sauran maguna maƙalewa har sai an yi tiyata.

Sai gashin. Kullum sai an taje, kullum fa, ba ranar da kika ga dama ba. Ki bar shi sati biyu ya cukurkuɗe ya zama dunƙule a hammata da ƙasan ciki da bayan kunne, yana jan fata, a ƙarƙashinsa ƙuma ta samu gida. In ta yi gudawa kashin ya manne a gashin gindi, ƙuda ya bi ya yi ƙwai, na sha ganin an kawo min mage ana cewa wai ta daina cin abinci ne kawai, ana aske wurin sai ga tsutsa. Kuma duk cikin maguna ba wadda makero ke so irin 'yar Farisa, shi kuma makeron mage yana kama mutum, yara musamman.

Wanda ba a gani da ido shi ne ciwon ƙodar gado, PKD a taƙaice. Ƙananan ƙululai masu ruwa ne ke fitowa a cikin ƙoda tun tana jaririya, suna girma a hankali suna cinye naman ƙodar, sai ta kai shekara shida bakwai ki ga ta fara yawan shan ruwa da fitsari tana ramewa. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban kafin a fara tantancewa ya nuna wajen ɗaya cikin uku na 'yan Farisa na ɗauke da shi, wani wurin ma fiye. In uwa ko uba ɗaya na da shi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar gada. A 2004 aka gano ƙwayar gadon da ke kawo shi, masu kiwon kirki a Turai suka riƙa gwaji suna cire masu shi daga haihuwa. Ki tambayi mai sayar miki ko an taɓa yi wa uwar hoton ƙoda, ki ga yadda zai kalle ki.

Akwai wadda ita kam ko kyauta aka ce za a haɗa a haifa miki ki ce a'a, mai lanƙwasasshen kunnen nan, Scottish Fold. Dukkansu daga mage ɗaya suka fito, wata farar mage mai suna Susie da aka gani a wata gona a Sikotilan a 1961. Abin da ya sa kunnen ya kwanta shi ne guringuntsin jikinta bai da ƙwari, kuma guringuntsi ai ba a kunne kaɗai yake ba, yana cikin kowace gaɓa. Duk mai kwantaccen kunne tana da ciwon gaɓoɓi, sai dai na wata ya fi na wata tsanani, wutsiya ta sandare, ƙafafu su kumbura, tsalle ya gagara. Zaman nan da suke yi a kan gindi ƙafa a miƙe mutane na ɗaukar bidiyo suna dariya, da shirun da ake yaba musu wai ba su da ƙiriniya, sau da yawa ciwo ne ya zaunar da su. Hukumar rajistar maguna ta Ingila tun farkon shekarun 1970 ta daina yi musu rajista. Ciwon ba shi da magani sai na rage raɗaɗi har ƙarshen rayuwa.

Sauran ba sai na ja ba. Maine Coon ƙatuwa ce ta jihar Maine mai dusar ƙanƙara a Amurka, namijin na kai kilo 8, ga ciwon zuciya na gado a jininsu, ba ta nan ba ce. Sphynx marar gashin nan da ta samo asali a Toronto a 1966, za ki ce ai ita ta dace da zafi, ina, rana na ƙona fatarta, hunturu ya hana ta sakat, ga wanka akai-akai saboda maiƙo. Bengal jinin kyanwar dajin Asiya ne da ita, in akwai tantabaru ko 'yan tsaki a gidanku ki shirya rigima da mai su. British Shorthair ba laifi, lafiyayyar halitta ce in an dace, sai dai gashin na da kauri kuma ƙiba ba ta mata wuya.

In dole sai na zaɓi ɗaya cikin baƙin, Siyamis nake so. 'Yar Tailan ce, ƙasar zafi, gashi gajere ba ruwanki da mataji, ga wayo, ga son mutane har ta gundure ki, za ta bi ki kicin ta bi ki ɗaki tana surutu da wata murya kamar ana mata dole. In ke mai fita tun safe sai dare ce kar ki ɗauke ta ita kaɗai, kaɗaici na damunta sosai. Kalarta ma abin sha'awa ce, fari tas ake haifarsu, sai wuraren da suka fi sanyi a jiki, kunne da fuska da ƙafa da wutsiya, su yi duhu daga baya, saboda sinadarin da ke yin launin ba ya aiki sai inda zafin jiki ya ragu, shi ya sa wadda ta tashi a garin zafi takan fi ta Turai haske. Amma ko ita ɗin, in aka ajiye min ita aka ajiye min lafiyayyar 'yar gida mai zanen toka, 'yar gidan zan ɗauka.

Maganar a saya ko a karɓi riƙo kuwa, ki san cewa muhawarar da kike gani ana yi a intanet ta mutanen Turai da Amurka ce, kuma tana da dalilinta a can. Suna da gidajen ajiye dabbobin da ba su da masu su, irin Battersea a Landan da aka kafa a 1860 ta fara karɓar maguna a 1883, ko Cats Protection da ke aiki tun 1927, a Amurka kuma in wuri ya cika akan kashe waɗanda ba a zo an ɗauka ba. To mai cewa kar ka saya yana nufin ga wasu can a keji suna jira. Kuma a can in ka je karɓa ba kyauta ba ne, za ka biya wani abu, za su yi maka tambayoyi a kan gidanka, su ba ka mage an riga an yi mata allurai an yi mata fiɗiya an sa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda a Ingila ma doka ta wajabta tun watan Yunin 2024.

Mu nan ba mu da wannan tsarin. Abin da muke da shi shi ne maƙwabta, da 'yan kyanwoyin da ake zubawa a kwali ko buhu a kai bola ko bakin kududdufi saboda mai gida ya gaji da haihuwar uwar, da waɗanda yara ke ɗaure wa igiya a wuya suna ja a layi. Mu da muka taso ba mu ma san ana sayen mage ba, in ɓera ya dame ka sai ka yi cigiya a unguwa a ba ka ɗaya. Saboda haka in kika karɓi ta maƙwabta kin rage ɗaya cikin masu zuwa bola, kuma kin samu abin da mai saye a intanet ba ya samu, kin san uwar, kin san gidan, kin ga abin da take ci, kina iya leƙawa kullum ki ga wace ce mai kuzari wace ce mai son mutane. Bambancin da ke tsakaninki da Baturiya shi ne ita an yi mata aikin asibitin, ke kuwa ke za ki yi da kuɗinki.

Ta fuskar addini ma akwai magana, tunda na san za ki ji ta a wani wurin. A Sahihu Muslim an tambayi Jabir game da kuɗin kare da na kyanwa ya ce Annabi (SAW) ya tsawatar a kai. Mafi yawan malamai, har da mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan halascin sayar da kyanwa, suna ɗaukar hanin a kan karhanci ko kan wadda ba ta da amfani, wasu kuma irin su Ibn Hazm da Ibnul Ƙayyim suka tsaya a kan zahirin hadisin suka ce bai halatta ba. Ki kai wa malaminku ya warware miki. Kyauta dai ba wanda ya yi saɓani a kanta. Wanda ya fi shafar aikina shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, don kulle mage a ɗaki a tafi biki kwana uku abu ne da nake gani.

Yanzu yadda za ki yi da ta maƙwabtan. Kar ki yi gaggawar rabo ta da uwar. Mafi ƙaranci sati 8, in za su haƙura su riƙe miki har sati 12 ya fi, don a lokacin ne take koyon yin kashi a yashi da binnewa, take koyon cewa cizo da zafi a wasa da 'yan'uwanta. Amma tun yanzu ki riƙa zuwa kina ɗaukarta kina shafa ta 'yan mintuna, saboda tsakanin sati 2 zuwa 7 ne mage ke yanke hukuncin ko mutum abin tsoro ne ko abokin zama, wadda ta wuce wannan lokacin hannu bai taɓa ta ba da wuya ta sake da mutane. Ki duba ido garau ba kwantsa, hanci ba majina ba atishawa, cikin kunne ba baƙin datti kamar garin gawayi, gindi a bushe, dasashi ja-ja ba fari fat ba, ba inda gashi ya zube ya bar da'ira. Ciki ya yi tulu jiki a rame tsutsa ce, wannan mai sauƙi ne. In da hali ki ɗauki biyu, wahalarsu ba ta ninka ta ɗaya ba kuma za su bar miki labule da kujera su huta. In a titi kika tsinta, ki ware ta a wani ɗaki na sati biyu, kar yara su yi ta cakumarta sai likita ya gani.

Daga nan sai asibitin dabbobi, na gwamnatin jiha ko mai zaman kansa ko na koyarwa irin na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na jami'ar Maiduguri. Maganin tsutsa, maganin ƙuma, sai allurar haɗin nan mai kare cuta uku, murar maguna iri biyu da fanlukofiniya, wadda ita ce mai amai da gudawar da ke share 'yan kyanwoyi cikin kwana biyu uku. Ana farawa wajen sati 8 a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ta kai sati 16. Allurar haukan kare daga sati 12. Eh, mage ma na kamuwa, duk da kusan duk mutanen da cutar ke kashewa ta kare suke samu. In mage da ba ki sani ba ta cije ki ko ta yakushe ki har jini, wanki da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan asibiti a ranar.

Fiɗiya ce inda muke yawan samun saɓani da mutane. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko ƙasa da haka, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Ki yi lissafi da kanki ki ga ko kina da maƙwabtan da za su karɓe su duka. Cire mata mahaifa kafin ta kai wata 6 yana rage haɗarin kansar nono da wajen kashi 90 cikin 100, kuma kansar nonon mage mafi yawanta muguwa ce. Muzuru in ba a fiɗiye shi ba zai riƙa fesa fitsari mai ɗoyi a bango, ya kwana a waje yana faɗa, ya dawo da ƙurji mai mugunya, kuma ta cizon faɗan ne suke ɗaukar cutar da ke karya musu garkuwar jiki. Abin da nake roƙonki kar ki yarda wani ya yi mata allurar tazarar haihuwa ta mata, tana sa mahaifa ta cika da mugunya nonuwa su kumbura, tiyatar da aka guda ita za a dawo a yi cikin gaggawa.

Abinci. Mage ba kare ba ce, tuwo da ƙanzo da shinkafa ba sa riƙe ta, dole sai nama. Akwai wani sinadari torin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe, a nama da kifi take samu, in ta rasa shi makanta da ciwon zuciya ne ƙarshenta. In kina da halin abincin kanti na maguna shi ya fi sauƙi, in babu, dafaffen kifi an cire ƙaya, kaza, zuciya, ƙundu, dafaffen ƙwai, hanta kaɗan sau ɗaya a sati. Zallar tsoka kullum ba ƙashi tana sa ƙashin 'yar ƙarama ya yi laushi ya lanƙwashe, a riƙa barbaɗa ɗan garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka. A dafa nata daban, ba albasa ba tafarnuwa ba magi ba yaji, albasa na fasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Madara kuma yawancin manya gudawa take sa su. Ruwa mai tsabta a wuri biyu uku.

Abubuwa uku ne suka fi kawo min gawa ko wadda ta kusa zama gawa. Farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe mage saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi, kar ki ba ta ko ɓari. Maganin kaska na karnuka da shanu da fiya-fiya, in kika ga an rubuta permethrin a jikin kwalba ki nisanta shi da ita. Sai maganin ɓera, ko ta ci shi kai tsaye ko ta ci ɓeran da ya ci.

Za ki ji ana cewa gashin mage na hana mace haihuwa. Ba gashin ba ne. Akwai dai ƙwayar cutar tokzoplasma da kan fita a kashin mage, wadda in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki za ta iya taɓa jaririn, amma ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a kashin kafin ta iya kama mutum, wato mai kwashewa kullum ya wanke hannu ya tsira, kuma an fi samunta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba. Mai ciki ta bar wa wani kwasar kashin, shi ke nan, ba sai an kori mage ba. Asma kuwa gaskiya ne tana iya tashi ga mai ita, abin da ke tayar da ita a yawu da fatar magen yake, don haka har marar gashin ba ta kuɓuta ba. In akwai mai asma a gidanku a fara kai shi gidan maƙwabtan ya ɗan zauna kusa da su a gani.

In duk da haka sayen za ki yi, toh ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Kar ki tura ko sisi a kan hoto da alƙawarin za a sako miki ita a mota, hoton nan wataƙila na wata mage ce a Rasha. Ki ga uwar da idonki ki ga inda suke kwana, in aka ce uwar tana wani gida ki san dillali ne ba mai kiwo ba. Ki zaɓi mai tsinin hanci wadda ƙofofin hancinta ke buɗe, ki kasa kunne ki ji ko numfashinta na ƙara. Ki duba shekarunta, don sun iya sayar da 'yar sati 5 a ce wata uku ce, idon kowace jaririyar mage shuɗi ne sai wajen sati 6 zuwa 7 yake fara juyawa, kuma 'yar sati 8 zuwa 10 ya kamata ta doshi kilo ɗaya. Katin allura ya zama da sitikar kwalbar da kwanan wata da sa hannu da hatimin likita, ba rubutun biro kawai ba. Wanda ya ce miki "pure" ce ya nuna takardar rajistar iyayen daga ƙungiyar rajistar maguna irin TICA ko CFA, in babu, to mage ce mai dogon gashi, ba laifi ba ne, ruwa biyun ma sau da yawa sun fi lafiya, amma a yi mata kuɗin ruwa biyu. Kuma ku yi yarjejeniya likitan da ke kika zaɓa zai duba ta kafin ki cika kuɗin. Akwai ma wata hanyar da mutane ba sa tunawa, ki bar sallahu a asibitocin dabbobi, ana yawan samun waɗanda suka sayi 'yar Farisa suka gaji da tazar, ko aure ko tafiya ta taso, suna neman wanda zai riƙe ta tsakani da Allah.

Kowace kika ɗauko, kafin ta iso ki nemi yardar Umma da duk wanda ke da kaji ko tantabaru a gidan, kuma ki sa a ranki mage mai gata na kai shekara 12 zuwa 15 har fiye, in aure ya zo a san da wa za ta zauna. Ranar farko ki sa ta a ɗaki ɗaya da ruwa da abinci da faffaɗar roba mai yashi nesa da abincin, kar a yi ta fito da ita ana nuna wa baƙi, in ta shige ƙarƙashin gado ki ƙyale ta za ta fito da kanta. Yashin a kwashe kullum a canza gaba ɗaya duk sati, kuma ki riƙa kallon abin da ke ciki. In namiji ne kika ga yana yawan zuwa yana tsugunawa yana nishi fitsari ba ya fita, kar ki ce bari a ga gobe, mafitsara ce ta toshe kuma tana kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ki kai shi asibiti a lokacin ko da dare ne.